Taragon da Na Mayar wa Direba

Ni ne da laifi. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya bi ni har ƙarshe yana jiran inda zan wanke kaina, babu wurin. Ba a ƙuruciya na yi abin ba, balle in ce rashin wayo ne. Da furfurata na yi shi, bara-bara ɗin nan, a kan tabarma, a gaban mutane, kuma wanda na yi wa shi ne mutumin da ya fi kowa daɗewa da sanina a duniya. Karatuna bai yi nisa ba, ban iya tsara magana irin ta masu littafi ba. Amma ba za a gane nauyin abin da na yi ba sai an san yadda muke yin jirgi muna yara, don haka a yi haƙuri da ni in koma baya.

Wannan ƙasa tamu ta wajen Kura, da yanzu duk inda ka ɗaga ido kore ne rani da damina, ba haka muka buɗe ido muka same ta ba. Ruwan dam bai zo ba tukuna, ba a haƙa kanal ba, ba wanda ya taɓa jin kukan injin ban ruwa. Dawa ce da gero da gyaɗa, sau ɗaya a shekara, sai ƙasa ta huta mu ma mu huta. Dawar ma irin ta da ce, farafara da ƙaura, masu tsayin da mahayin raƙumi ke ɓacewa a cikinsu, karansu kauri kamar damtsen yaro. In an yi girbi sai a ɗaure karan dami-dami a jingine a gindin ɗorawa. Da shi ake danni, da shi ake rufi, da shi ake gado, da shi iyayenmu mata ke hura wuta. Da safe abin da ke tashe mu shi ne dakan mata, wannan gida ya buga wancan ya amsa, sai kukan jakuna, sai gugan rijiya yana bugun bango. In Fulani sun sauko da shanu cikin gonakin da aka girbe, kana kwance kana jin ƙarar kara yana karyewa ƙarƙashin kofato. Wani lokaci kuma, in iska ta juyo daga yamma kuma gari ya yi shiru, sai ka ji wani kuka can nesa, siriri, dogo, kamar abin da ke kiran wani. Kakarmu takan tsayar da kaɗin audugarta ta ce, "Ga na Madobi nan ya wuce, ku tashi ku ba akuya ruwa." Da jirgi take gane lokaci, alhali ba ta taɓa ganinsa ba har ta koma ga Allah.

Taubashina, ɗan goggona, gidansu na jikin namu, danni ɗaya ya raba. Tare muke zuwa makarantar allo, tare muke yankan ciyawar awaki, tare ake dukanmu. Tun ba mu san ma'anar kalmar ba kowannenmu ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, manya na dariya suna zuga mu. Ba zan faɗi sunansa na yanka ba. Direba muke ce masa, ni kuma Gadi, kuma ga yadda sunayen suka samo asali.

Wata shekara da kaka kawunmu ya ɗora gyaɗa a jakuna zai kai tashar Madobi, ya ce mu biyo shi mu riƙa kora. Ban manta ƙishirwar hanyar ba, ban kuma manta yadda ƙasa ta fara rawa ƙarƙashin ƙafafuna tun kafin in ga komai ba. Da kan jirgin ya ɓullo, baƙi ƙirin, yana huci yana tofar da hayaƙi, jakunan suka watse, ni ma na bi su. Sai da na dawo na tarar da taubashina tsugunne dab da layin dogo, ko gezau. Ba kan jirgin yake kallo ba. Ƙasan taragu yake leƙe, inda wannan ya kama wancan. Taragu ne iri-iri: na buhuna masu rufi da ƙofar ja, buɗaɗɗu masu shimfiɗar tamfol, mai kama da tulu kwance na kananzir, sai na shanu, mai jikin katako tsaga-tsaga, kana hango hanci da ƙaho ta tsakani, wari na bugunka. Ni abin da ya ɗauke min hankali shi ne ɗan taragon ƙarshe, da wani mutum, wai shi gadin jirgi, tsaye a ƙofarsa da hula da tuta, kamar duk jirgin nasa ne. A hanyar dawowa na ce ni in na girma shi zan zama. Taubashina ya ce, "Ka zama mana. Kullum kana baya kana shan hayaƙina, bawa." Kawu ya yi dariya har ya ƙware. Kafin mu iso gida ya zama Direba, na zama Gadi, kuma sunayen suka bi mu har jikoki.

Da ma muna yin motocin kara kamar kowane yaro. Amma daga ranar nan Direba ya ce mota wasan ƙanana ce, tunda kowa shi kaɗai yake jan tasa. Jirgi za mu yi, kowa ya ƙera taragonsa, a haɗa. Sai ka zaɓi kara busasshe mai kauri, ka ɓare ɓawon da haƙori a hankali, don yana yanka leɓe kamar aska. Farar totuwar da ke ciki ita ce katakonmu, da ita ake ƙashin tarago. Ɓawon kuma a tsaga shi siri-siri a jera a jiki, shi ne ke ba da tsaga-tsagar nan ta taragon shanu. Ƙafafu da sakaina ake yi, in an fasa ƙwarya a gida mu murna muke, a goga ta a dutse har ta zagaye. Ƙusarmu ƙayar aduwa. Direba ya kafa doka cewa mahaɗin kowane tarago tsayinsa daga ƙasa gaɓar yatsa biyu ne, tasa gaɓar, ba ta kowa ba, in ba haka ba naka ba zai kama na wani ba, sai ka ja abinka kai kaɗai kana kallonmu.

Ga inda maganar take. Tarago ba ya ƙeruwa da mutum ɗaya. Totuwa aba ce mai santsi, mai gangarawa, in ka matsa ta da ƙarfi ta murƙushe, in ka sassauta ta kuɓuce. Wurin haɗa kusurwa dole wani ya riƙe guda biyun da hannu biyu, wani ya soka ƙaya. Kuma yatsan mai riƙewa yana daidai inda ƙayar za ta ɓullo. In ya ji tsoro ya janye, kusurwa ta karkace. In mai sokawa ya yi gaggawa, jini. Saboda haka ba kowa kake riƙe wa ba, ba kuma kowa kake ba riƙo ba. Ni nake riƙe wa Direba, shi yake soka mini. Har yau akwai ɗan tabo a babban yatsana na hagu, aikinsa ne, kuma ko a ranar ban janye ba.

Ba a roƙon riƙo da baki, wannan abin kunya ne a wurinmu. In kana so wani ya riƙe maka, sai ka turo guntayen totuwar gaban gwiwarsa, ka yi shiru. In ya ɗauka, shi ke nan, jirginku ɗaya. In kuwa ya sa bayan hannu ya turo maka abinka, to ya ce maka ya cire taragonsa daga jirginka, kuma wannan ya fi zagi, ya fi mari. Sau ɗaya na ga an yi. Wani ɗan maƙera ya yi wa abokin wasansa a kan rigimar goriba, kuma har iyayensu suka tashi daga garin ban ƙara ganin yaran nan biyu a inuwa ɗaya ba. Kakarmu da ta ji labari ta ce, "Ku dai da kara kuke wasa, amma fushin naku na gaske ne." Ta sa aka kira su ta yi faɗa ta yi lallashi, a banza.

In mun gama sai mu share layi a ƙasa daga gindin tsamiya zuwa bakin rijiya, mu loda ƙwallon goriba da tsakuwa da kashin awaki a matsayin gyaɗa, mu kama ƙwaro mu zuba a taragon shanu. Direba na gaba yana jan zare yana kuka da hanci, ni ina baya da tsumma a tsinke ina ɗagawa. Jirgin bai taɓa isa rijiya lafiya ba, ko ƙafa ta fita ko akuya ta cinye tarago. Sai mu koma mu sake. Yanzu in na ga jikokina sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ba mai magana da wani, sai in rasa abin da zan ce musu. Ba na cewa sun fi mu lalacewa, sun san abubuwan da ban sani ba. Amma ban ga wasansu ko ɗaya da ke sa yaro ya ajiye yatsansa a gaban ƙayar ɗan'uwansa ba.

Ruwa ya zo muna samari. Aka ja igiya, aka yanka gonaki fala-fala, aka sare ɗorawar da muke jingine kara. Shinkafa ta shigo, da alkama, da tumatir, da albasa, noma ya zama ba hutu, kuma ba zan yi butulci ba, mun ci arzikinsa. Da shi na rufa ɗaki da kwano, da shi na sauke farali, da shi na wayi gari ana ce mini Alhaji. Dawa ta koma tudu, wadda ta rage a kusa kuma gajera ce, karanta kamar tsinke. Kukan jirgi ya yi ta raguwa har muka daina sa kunne, injinan casar shinkafa suka maye wurin. Direba bai tuƙa jirgi ba. Ya zama mai gyaran inji, na ban ruwa da na casa, kuma daga nan har Garun Mallam in inji ya gagara shi ake ɗauka a babur. Shi kaɗai ne a duniya bai taɓa ce mini Alhaji ba. Ranar da na dawo daga Makka ma, mutane cike da ƙofar gida, ya ratso ya ce, "Gadi, a jirgin saman ma baya suka sa ka?"

Sai ciwo ya same shi a bakin aiki. Ya sunkuya zai ɗaura wa inji bel sai ya zube, aka kwashe shi zuwa asibiti, ya dawo ɓarin hagu a shanye. Magana ta dawo a hankali, ƙafa ta ɗan dawo da sanda, hannun hagu kuwa ya naɗe a ƙirjinsa kamar ba nasa ba. Mutumin da bai taɓa zama ba ya koma kallon bango. 'Yarsa ta fari ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, ita ta zo masa da wani kwali da ta sa aka sayo mata daga waje. Hoton tarago ne a jiki, irin na da, mai tsaga-tsaga. A ciki guntayen roba ne ƙanana manne a jikin firam, kowane da wurinsa, da ƙafafun ƙarfe kamar maɓallin riga, da ɗan bututun gam, da fenti, da takarda mai zane tana nuna wanda ke shiga cikin wani. Ashe Turawa ma tsofaffinsu na zama su haɗa taragun zamanin kakanninsu. Ta ce likita ya ce a samar masa aikin da zai sa ya riƙa tilasta wa hannun, ita kuma ta tuna labarin jirgin kara da ya ishe su da shi suna yara.

Abin ya karɓe shi. Ya koma fitowa ƙofar gida bayan la'asar, ya shimfiɗa tabarma, ya baje kayansa a faifai. Yana yanke guntaye da reza, yana danne su da gwiwa, wani lokaci da haɓa. Ƙasan taragon ya haɗu. Amma da ya zo tsayar da bangaye sai aiki ya tsaya, don sai an riƙe kusurwa biyu cak har gam ya kama. Matarsa ta gwada, idonta ya yi rauni, ga shi tana tsoron gam ɗin tun da ya taɓa manne mata yatsu. Duk wannan ina ji daga bakin mai ɗakina. Na kan leƙa in gaishe shi a tsaye in wuce, ina cewa aikin gona ya yi yawa. Gaskiyar ita ce ba na son ganinsa a haka, kuma maimakon in faɗa wa kaina tsoro nake ji, sai na riƙa cewa shi ne yake zubar da girmansa.

Ranar da abin ya faru ina tare da baƙo. Autana ne ke neman 'yar wani babban dillalin albasa na Garun Mallam, mutum mai kwarjini, marar yawan magana, kuma ya zo da kansa ya ga gidan da 'yarsa za ta shiga. Na sa babbar riga, ina ta nuna masa gonaki. Da muka fito daga masallaci hanya ta bi da mu ta ƙofar Direba, yana zaune da mutane huɗu ko biyar na unguwa. Na so mu gaisa mu wuce. Ya ɗago ya ce, da harshensa mai nauyi, "Gadi, bawa ba ya gaida ubangidansa a tsaye. Zauna." Baƙona ya riga ni cire takalmi, dole na zauna.

Aka gaisa, aka tambayi jiki, aka taɓa maganar farashin taki. Ina cikin magana sai na ji abu ya taɓa gwiwata. Na duba. Bangaye biyu ne na taragon, ya turo su da hannunsa mai lafiya har gabana, ya ɗauki bututun gam ya riƙe, ya yi shiru yana kallon tabarma.

Na gane. Kada wani ya ce mini na manta, ko shekaru sun yi yawa. Hannuna har ya motsa da kansa. Sai na tuna da baƙon da ke gefena, na hango kaina da babbar riga da carbi ina riƙe da kayan wasan roba a gaban surukin ɗana, na ji kunya ta rufe ni. Na yi dariya na ce wa baƙon, "Alhaji, ka ga taubashina. Ciwo ya mayar mana da shi goyo. Jira muke ya ƙara wayo mu kai shi gidan kaka a yaye shi." Mutanen wurin suka kwashe da dariya, don sun saba jin mu, kuma wasan taubasai ba a fushi da shi. A bayan wannan na ɓuya. Da bakin kawai na tsaya, da ya rama, da ya ce mini abin da ya fi haka. Amma ina dariyar na sa bayan hannu na tura masa bangayen har gaban gwiwarsa.

Ba wanda ya lura, a wurin babu wanda ya yi jirgin kara da mu, duk sun rasu ko sun tashi. Mu biyu kaɗai muka san abin da aka faɗa. Bai dubi fuskata ba, hannuna ya bi da kallo har na mayar da shi cikin riga. Ya ajiye gam ɗin a faifai. Ya ce, "To, Alhaji. A sauka lafiya."

Washegari bai fito ba, jibi ma haka. Na ce sanyi ne. Mai ɗakina ta shiga ta dawo ta ce kwalin yana saman kwaba an ɗora masa tabarmar salla, shi kuma ya koma kallon bango. Na aika da kwandon tumatir, aka ce a gaida Alhaji, an gode. Na aika da shinkafa sabuwar casa, aka ce a gaida Alhaji. Mai ɗakina ba ta san dokar kara ba, amma ta san ni. Ta ce, "Malam, ni ban san me ka yi wa ɗan goggonka ba. Amma mutumin nan ba yunwa yake ji ba, ka daina aika masa da abinci." Na ce mata ta bar shiga maganar maza. Wannan ma laifi ne, na haɗa da shi.

Sai 'yarsa ta kira ni a waya. Ta ce, "Baba Gadi, me ya sami Baba? Da na zo wancan karon yatsu biyu sun fara buɗewa, yana danne abin nan da su. Yanzu Inna ta ce hannun ya koma ya dunƙule, ko taɓawa ba ya bari a yi. In ya daskare a haka ba zai sake buɗewa ba. Kai kaɗai yake jin maganarka, don Allah ka lallashe shi." Na ce mata in sha Allah. Na kashe wayar na zauna a bakin kanal ina kallon ruwa, kuma ko a nan ban tashi na tafi ba. Girman kai abu ne mai nauyin tashi.

Wanda ya ƙarasa ni shi ne baƙon nan. Mun je Garun Mallam maganar sa rana, an gama, an yi addu'a, yana raka mu sai ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, yaya ɗan'uwanka mai jirgi? Wallahi tun ranar abin yake raina. Irin taragon nan mahaifina ke bi da shanu zuwa kudu, ya taɓa ɗaga ni na leƙa ciki. Na so in ɗauka in duba, sai na ga kamar ba ka so mu daɗe. In ya gama haɗawa a gaya mini, zan zo in gani." Na ce to. Mutumin da na wulaƙanta ɗan'uwana don in yi girma a idonsa, ashe shi so yake a ba shi ya taɓa.

Ban iya zuwa hannu sake ba, kuma na san tumatir ba zai yi ba. Na hau babur na bi gonaki ina neman karan farafara, na rasa a duk yankinmu. Sai can bayan Bunkure, a tudu, wajen wata rugar Fulani da suka zauna suna noma, na hango dami jingine. Dattijon rugar ya ga na zaɓi 'yan sanduna kaɗan ina latsa su da farce, ya ce, "Alhaji, wannan ai ko kejin kaza ba zai yi ba. Ko magani ne?" Na ce magani ne. Ya ce in ɗauka, ya kuma nuna mini aduwa a bayan garke, na ciri ƙaya.

A ɗakina na rufe ƙofa na ɓare kara da sauran haƙoran da suka rage mini, leɓe ya tsage kamar da. Na yanka totuwa, na ce bari in haɗa ko kusurwa ɗaya ce in tafi da ita. Na riƙe da hagu na soka da dama, ta gangare. Na danne da gwiwa, ta murƙushe. Na sa a baki. Ina da hannu biyu lafiyayyu, na kasa. Na zauna da guntaye a cinya ina tunanin mutumin da ya yi makonni yana wannan da hannu ɗaya, yana jin takuna ina wucewa ta ƙofarsa, bai kira ni ba sai da ya ga ba yadda zai yi.

Da hantsi na shiga gidan. Matarsa ta ce, "Ga Alhaji nan," ta ba ni hanya. Yana kwance ya juya baya. Ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji," bai juyo ba. Na zauna a ƙasa, na kwance ƙullin, ƙamshin busasshen kara ya tashi a ɗakin. Ina jin ƙamshin ne ya juyo da shi. Ya yunƙura ya zauna, ya sauko da ƙafafu. Na ɗauki totuwa biyu na tura gaban gwiwarsa, na ajiye ƙaya a gefe, na yi shiru ina kallon tabarma.

An daɗe. Ina ganin hannunsa na dama a kan cinya, kuma na san in ya juya bayansa ya turo mini, ya yi daidai, ba ni da bakin magana. Hannun ya sauko. Ya ɗauki totuwa ɗaya ya latsa, ya shinshina.

"Farafara ce," ya ce. "Ina ka samo?"

"Bayan Bunkure."

"Ka yanka ta karkace. Shekara nawa, har yau ba ka iya yanka ba." Ya ajiye ta, ba a gabana ba, a tsakiya. Ya ɗauki ƙaya. "Hannuna rawa yake yanzu. Zan soke ka."

Na haɗa kusurwar na riƙe da hannu biyu, na sa babban yatsa inda ya saba zama. Na ce, "Soka."

Ya soka, ya kuma same ni, dab da tsohon tabon. Ban janye ba. Ya dubi jinin, ya dubi kusurwar, ta tsaya cak. Sai ya sa hannun dama ya kamo na hagun, ya ɗora shi a kan totuwar kamar mai ɗora dutse, ya ce, "Danne nan, kai ma ka yi aiki." Da hannun yake, ba da ni ba. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa matarsa, "Sauko mini da kwalin nan. Ki kawo wa Gadi tsumma, ya ɓata mini tarago da jini."

Da na so, da a nan maganar ta ƙare. Ya yafe ba tare da ya faɗa ba, yadda muka saba, don wasan nan tun asali ba da baki ake yinsa ba. Amma ni da baki na yi nawa, kuma a gaban mutane. Saboda haka bayan la'asar na ɗauko tabarmar da kaina na shimfiɗa a ƙofar gida, na kamo shi muka fito, na jira har waɗanda suka yi dariya ranar suka taru. Na cire babbar riga na rataye a danni. Ya turo bangayen roba biyu gaban gwiwata, na ɗauka na haɗa, ya shafa gam. Wani ya fara murmushi yana shirin tsokana, na ce ya dakata, ina da magana. Hannuwana duka biyu na riƙe da taragon, ba halin in rufe fuska.

Na ce, "Direba, ranar nan a nan wurin ka turo mini, na san abin da kake nufi, na mayar maka da bayan hannu ina sane. Ba wasan taubasai ba ne, kunyar riƙe maka na ji. Na yi laifi. Ka yafe mini don Allah, ka mayar da ni jirginka, ko a can baya ne."